Jirgin Haƙora

Ni ba likita ba ne.
Ni ne mai injin, Valdecir,
wanda hannunsa ke warin baƙin mai ko ya wanke da toka.
Sau biyu a shekara, in Kogin Purus ya tumbatsa,
muke haurawa da kujera guda,
ɗaure da igiya, kada igiyar ruwa ta kifar da ita.

Mutanen gaɓa na ce mana jirgin haƙora.
A nan lemon kwalba ya riga buroshi zuwa.
Mai alewa duk mako yana tafe,
likita kuwa sai ruwa ya ga dama.

Ran Laraba aka kawo Cleonice,
shekara tara, kunci kamar ta ɓoye gwaiba.
Kakarta Zuleide ta tuƙo kwalekwale tun kafin carar zakara,
ta ce dare goma sha ɗaya ke nan
yarinyar na kwana a zaune.
An sa kanumfari, an sa gishiri, an sa taba,
an kunna kyandir gaban hoton waliyyiya,
ciwo ya ce bai san zancen ba.

Dakta Marluce ta leƙa.
Turmi ne, ta ce, ya ruɓe har gindi,
kuma ba na famfara ba ne,
wannan ya fito ne don ya raka ta tsufa.

Allura ta shiga. Ba kuka,
ƙafa ce kawai ke rawa.
Sai injina ya yi tari, ya sake tari, ya mutu.
Ruwa ya shiga mai.
Duhu, ga sama na dukan kwano.
Valdecir! Tocila!

Na tsaya a kanta ina haska bakinta,
na manta ban rufe nawa ba.
Ni da na shekara ashirin ina dariya bayan tafin hannu,
ni da nake jiƙa garin rogo sai ya yi laushi.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi:
ina haska kogon haƙorinta,
tana ƙirga kufan da ke bakina.

Ƙwal, ya faɗa cikin tasa,
baƙi, ɗan mitsitsi.
Wai wannan ne ya hana gida guda barci.

Da auduga a baki ta ja rigata:
Kai da kake kwana cikin jirgin,
me ya hana ka hawa kujerar?

Me zan ce?
In ce ni nake ɗauko kwalin allura, na san adadinta,
sittin, yara kuma saba'in da uku a takarda,
ban da na kan hanya?
In ce da ina kamarta babu jirgi,
sai wani maƙwabci mai filaya da kwalbar barasa?
Na ce: tsoro nake ji.
Ta yi dariya da rabin fuska, ɗaya rabin na barci.
Ta ce ba zafi, in ka zo ni zan riƙe maka fitila.

An ba ta jan buroshi, ta ce su biyar ne a gida.
Dakta ta dubi kwali, ta daɗe, ta ƙara huɗu.
Kaka ta ajiye busasshen kifi a bakin ƙofa.
Aka ce ai aikin kyauta ne,
ta ce kifin ma haka.

Da dare na tace man da tsohuwar riga,
injin ya tashi.
Dakta na dafa ƙarafunanta a tukunya,
ba ta ɗago ba ta ce:
Watan shida. Na sa sunanka a takarda.
Na ce a ƙasa dai. Can ƙasa, bayan yaran.

Harshena ya zagaya giɓin kamar mai gadi.
Can ƙetare, inda kwalekwalen ya sha kwana,
an kashe fitila da wuri.