Goma Saura Kwata

Sun liƙa sakamako a allon katako
ƙarƙashin darbejiyar Kongola,
iska na kaɗa kusurwar takarda
inda ƙusa ɗaya ta fice.
Na bi layi da farce
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
na wuce Dawai, na wuce Dudu,
sai ga lambata, sai ga ni:
tara da ɗigo saba'in da biyar.

Goma saura kwata.
Da agogo ne, da na zauna bakin Mayo Kaliyawo
na sha shayi, lokaci ya cika da kansa.
Amma maki ba ya tafiya.

Takardar ƙa'idoji na cikin jakata,
ninki huɗu, ta sha man ƙosai.
Na haddace ta kafin in haddace hanyar aji:
kashi talatin na gwajin tsakiyar zango,
saba'in na babbar jarrabawa.
Ban da waya, ko a kashe take.
Rubuta sunanki a kusurwa, ninke, liƙe,
kar mai gyara ya san 'yar gidan wa ce.
Wanda ya makara, ƙofa ba ta san shi ba.
Kiredi sittin ne shekara.
Darasi mai ƙarfi kan goya rarrauna
in gidansu ɗaya,
amma Aljabara a wani gida take,
sha biyar ɗina na can, ba ta tsallaka katanga.

Malam Hamadiko, kai ka koya mana iyaka.
Ka ce a kawo tazara komai ƙanƙantarta,
jerin lambobi zai matso fiye da ita,
kuma wannan matsowar ita ce isa.
Na kai maka hujjarka har ofis.
Ka cire tabarau, ka hura, ka goge da gefen riga,
ka ce, "Hurera, jerin nan bai taɓa tsayawa ba.
Ke kin tsaya.
Hangen dutsen Makabai ba shiga Marwa ba ne."

A rumfa na tarar da Baba
yana ɗinke bakin buhun albasa, basilla a haƙori.
Na ce saura zagaye na biyu, ratarafaj,
in ya ƙi, sai in haye aji da bashi,
kiredi shida a wuyana.
Ya ce, "Har boko ma?
Bashi hanji ne, to, amma wa ake biya?"
Na ce kaina.
Ya yi dariya har basilla ta faɗi:
"Wannan mai bin bashin ya san inda kike kwana."

Da ya tsince ta sai ya nuna gabas da leɓe,
can fadamar da ke tsagewa bayan damina.
"Su wancan ba sa jiran girgije.
Rami ɗaya, dashe biyu, ruwa moɗa guda,
masakwa ta yi kai a tsakiyar rani."

Daren jajibiri aka ɗauke wuta.
Da tocila a baki na sake bin hujjata
ɗaki-ɗaki, kamar mai neman ɗan kunne,
sai layi na bakwai,
inda na rubuta "a fili yake"
don hannuna ya gaji, don rana ta yi,
alhali babu abin da ke fili.
Nan kwatata ta faɗi.
Ba wanda ya sace ta.

Jarrabawa ƙarfe goma ce.
Ɗan babur ya sauke ni, na ba shi dala ashirin,
mai tsaro ya dubi katina, ya dubi fuskata, ya sake dubawa.
Na sami benci, na fiƙe fensir biyu,
na ɗaga kai ga agogon bango.
Goma saura kwata.
Na ce masa, kai cika naka,
ni ma na zo da nawa.