Jan Hannu

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma da na sani shi ne na Haɗeja,
shekarar da ya shanye mana gero har zangarniya.
Amma shekara talatin hannuna na ja da ɓarar soɓo,
kuma an ce duk buhun da na ɗinke bakinsa
a nan gabas da Malam Madori
sai ya yi kwana arba'in bisa ruwan gishiri
kafin wata mata, can inda ba a san sunana ba,
ta zuba shi a tukunya.

Nafi'u ne ya faɗa min.
Autana, da ya bi motar buhuna zuwa Ikko
ya ƙi dawowa,
yanzu yana cikin cikin jirgin ruwa,
inda inji ke ruri ba dare ba rana.
Shekarun farko in ya kira
tari nake fara ji kafin sallama.
Ya ce man da suke ƙonawa kauri gare shi kamar kwalta,
hayaƙinsa kan bi su a baya
kamar bashin da aka ƙi biya.

Na ce, hayaƙin ina yake zuwa?
Ya ce, sama, Inna.
Na ce, samanku daban ne da namu?
Ya yi shiru. Kati na ƙonewa.
Ni kuwa ina duban gabas,
inda hadari ya saba tasowa a kan lokaci
kafin ya koyi saɓa alkawari.

Bana ya kira da wata murya.
Ya ce, mun rage gudu.
An sauya mai, an kankare gindin jirgi,
in mun tsaya a tasha sai a kashe inji a jona mu da lantarki,
har ruwan da muke ɗiba don daidaita nauyi
sai an tace shi kafin a zubar,
kada a kai ƙwarin wata ƙasa bakin ruwan wasu.
Wannan na gane shi sarai.
A Guri aka haife ni,
na ga yadda kacala ta sauka kamar baƙuwa
ta kori masu gida daga kogi.

Ya ce har ya ga wani jirgi da fikafikai,
iska na tura shi.
Na yi dariya har zanina ya kwance.
Ashe masu boko sun yi doguwar tafiya
sun iske abin da shamuwa ta sani.

Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa,
bai taɓa dukan shanun amalanke ba.
Yakan ce san da aka kora da gudu
dusar kwana biyu yake ci a dare ɗaya.

To amma ranar kasuwa
Barau dillali ya ɗora buhuna a sikeli
ya ce jirage sun koyi nawa,
kuɗi na daɗewa a hanya,
zai rage min dubu biyu.

Dubu biyu.
Wato ni za a sa wankin teku,
ni da ko bokitin ruwansa ban taɓa ɓatawa ba?
Na ce masa ya je ya rage a wurin masu jirgin.
Na zauna a kan buhuna.
Rana ta take, ta karkata,
mai fura ta zagayo sau uku.
La'asar sakaliya ya dawo yana ƙunƙuni,
ya rage ɗari biyar.
Na karɓa. Akwai cefane.

Daren nan Nafi'u ya kira daga wata tasha
mai sunan da harshena ya ƙi ɗauka.
Mun yi minti shida.
Sai da na ajiye wayar,
ina goge jan hannuna da toka,
na lura
bai yi tari ba.