Tikitin Shiga Fagen Fama

Naira ɗari biyu kuɗin shiga,
yaro rabin haka.
Mai gadi ya yago mana tikiti
daga littafin da ruwan jiya ya jiƙa,
ya ce mu kula da ƙaya, mu kula da kunama,
kada mu taka masa gyaɗar da ke gefen waya.

Ga filin nan. Fili ne kawai.
Ciyawar damina ta kai gwiwa,
dutsen Kufena ya jingina da gajimare
kamar tsohon da ya gaji da tambaya.
Na zo da Ladidi, autata,
don malamarsu ta ce a rubuto shafi guda a kan tarihi.
Ni tela ne, Juma'a kaɗai nake rufe shago.

Baba Cindo ne mai ba da labari,
lemarsa ce mashinsa.
Ya nuna tsamiya: nan namu suka ja daga.
Ya nuna kwari: can su suka kwana, ba wuta, ba tari,
da hantsi kibau suka rufe rana kamar fara.
Ya ce rafin nan kwana uku yana gudu ja,
ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi.
Yana faɗa yana duba agogo,
motar ɗalibai daga Samaru na tafe.

Samari biyu suka hau tudu suna ɗaukar hoto,
ɗaya ya kwanta ya yi kamar gawa,
ɗaya ya ɗora masa ƙafa a ƙirji.
Suka tuntsure da dariya.
Ni ma na murmusa, Allah ya yafe mini.

Allon ƙarfe ya yi tsatsa.
Sunaye bakwai ne a kai, duk masu rawani,
duk waɗanda suka koma gida aka yi musu guɗa.
Ladidi ta kwafe su tsaf,
ta ciji murfin biro, ta ɗago:
"Baba, mu a wane ɓangare muke?"

Na buɗe baki zan ce tsamiya,
sai fuskar Iya Kande ta tare ni, kakata,
da tsagar da babu irinta a duk unguwarmu,
da waƙar niƙa da take yi cikin wani harshe
wanda ko ita ba ta san fassararsa ba.
An ce a goye ta shigo birni,
a bayan wata mace mai igiya a wuya,
ta ƙofar da nake bi kullum in sayo zare.
Ɗan wanda ya ja igiyar shi ya aure ta,
shi ya haifi ubana,
sunansa ne a katin zaɓena.

Na ce, zo ki tsaya nan,
inda ƙasa ta ɗan lotsa.
Ta tsaya. Tsamiya a dama, kwari a hagu.
Ta ce ba ta gane ba.
Na ce ni ma.

A kunyar gyaɗa ta tsinci wani ƙarfe,
tsawon ɗan yatsa, bakinsa ya cinye.
Baba Cindo ya juya shi a tafi:
ko kan kibiya ne, ko ƙusar garma,
ƙasar nan ta daina bambancewa.
Ya ce duk shekara sai ta tofo irinsu,
gyaɗar nan kuwa ba a taɓa sa mata taki ba.

Mun sayi gwangwani ɗaya, dafaffiya, a bakin ƙofa.
Cikin keke hadari ya biyo mu,
Ladidi na ɓarewa tana ci, ta miƙo mini.
Na riƙe ƙwayar har Ƙofar Doka,
sannan na ci.
Akwai garɗi.

Washegari wani ango ya zo awo.
Na zagaya tef a wuyansa,
hannuna ya tsaya.
Ya ce, lafiya, Malam Barau?
Na ce lafiya, na sassauta,
na laluba aljihu ban sami takarda ba
sai tikitin jiya.
A bayansa na rubuta: wuya, sha shida.