Lahadi a Lagdo

Jaka biyu na ba Hamajoda, hayar kwale-kwale.
Ya ce, "Baba, ka iya tuƙi kuwa?"
Na bar filafili ya ba shi amsa.

Astajam jikata na gaba, hannu a ruwa,
tana ƙirga kunnuwan dorina.
Ni shekara sha tara nake ƙirgawa
a kan jirgin dakon mai,
daga Limbe har inda ba mai amsa sallamata.

Jirgi ne, kafin ka taka daga goshi zuwa wutsiya
shayinka ya huce.
Mu kankare tsatsa, mu shafa fenti,
gishiri ya lashe, mu sake.
Alƙibla kan juya ina tsakiyar raka'a,
sai na bar wa Allah lissafin.

Wani dare teku ta miƙe tsaye.
Kukunmu, mutumin Manila, ya damƙe gicciyensa,
na damƙe carbina,
sauran hannuwan muka riƙe juna.
Sunansa ya ɓace mini.
Warin albasar tafinsa bai ɓace ba.

"Kaka, teku ta fi nan?"
Ta fi, 'yar nan. Sai dai ba ta shayuwa.
Na kamfato Lagdo da tafi, na kurɓa.

Yau ba kyaftin, ba ƙararrawa,
lodina duka yarinya ɗaya da ƙullin gyaɗa.

Rana ta jingina da duwatsu.
Hamajoda na ɗago hannu daga gaɓa, wai lokaci ya cika.
Na yi kamar ban gani ba.