Hanyar da Ƙafa Ta Haƙa

A Symondsbury, can bayan gidajen ƙarshe,
akwai hanyar da ta nutse cikin ƙasa,
zurfinta ya kai mutum uku bisa juna.
Itatuwa sun haɗa kai a samanta,
saiwoyinsu a waje, kamar jijiyar bayan hannu.

Tsohon da nake jinya, Wilfred Gale,
ya manta sunan 'yarsa tun bara,
ya manta ko ya sha shayin safe,
amma da mun iso bakin kwarin nan
sai ya dogara sanda, ya ce: Holloway.

Kalma biyu aka ƙulla, in ji shi,
tun Turancin da jikokinsa ba sa ji,
ɗaya rami, ɗaya hanya.
Ba wanda ya zo da diga ko shebur.
Kofaton tumaki ne, da ƙafar keken doki,
da takalman masu zuwa cin kasuwa,
ruwan sama na biye yana kwashe abin da suka sassaƙa,
shekara ɗari bisa ɗari.

Na ce, mu burtali gare mu,
bai kai naku zurfi ba,
amma saniya ta san shi ko a duhun dare.
Ya gwada faɗa, harshe ya ƙi,
ya yi dariya da haƙoransa huɗu.

Sai ya nuna sawun da taya ta kwarzana a taɓo,
ya ce wannan kuma rut.
Wai daga Faransa ta hayo ruwa,
kakarta ta Rumawa ce, hanyar da aka fasa.
Wai. Shi ma bai rantse ba.
Da ita suke kwatanta wanda ya maƙale,
yau kamar jiya, gobe kamar yau.

Washegari ya maimaita min.
Jibi ma haka, wuri ɗaya, sanda ɗaya,
har inda yake tsayawa ya yi tari.
Da fari na ƙosa,
ina satar duba agogo cikin aljihun riga.

Wata bakwai ke nan.
Yau bai iya tashi daga gado ba,
likita ta ce a bar shi ya huta.
Na fita ni kaɗai lokacin hutuna,
ba da niyya ba ƙafa ta kawo ni,
taɓo ya kama takalmina na dama,
na ji bakina yana bayani
ga tumaki biyu da ke leƙe ta shinge:
ɗaya rami, ɗaya hanya.
Har tarin ma sai da na yi.