Bindigar Barmo

Kakana Barmo ya rasu da kaka, gero na bisa rumbu.
Aka raba gado a zaure: gona biyu, rago, tsohon keke.
Ni aka miƙo mini abu dogo cikin buhun gyaɗa,
yana warin man shanu da tsatsa,
bindigarsa ta halbi, shekara talatin ba ta yi ƙara.

Jandarma ya ce sai an yi mata takarda.
Ya nuna mini gurbi da bakin biro:
nan za ka sa sunan wanda ya ƙera.

A bayan bututu akwai rubutun boko, rabi ya shafe.
Na tofa yawu, na goge da bakin riga,
sai ga sunan kanti: Mushe Gabaro,
can wajen tsohon ma'aunin gyaɗa,
mai sayar da gishiri, akoko, fitila da kwano.
Gabaro bai san zafin wuta ba sai ta sigari.
Suna kawai ya buga, kamar mai sa wa maraƙin wani lamba,
ya karɓe kuɗin damina biyu, bai ko yi gyara.

Na kai ta Mokoyo wurin Neino maƙeri.
Ya saki zuga-zugi, ya ce, "Miƙo ta, jikan Barmo."
Ya kwance ƙusa uku, ya raba ƙarfe da icce,
ya matsa lemun tsami, ya bi da toka.
Can ƙasan bututu, inda rana ba ta leƙawa,
ga wani tambari kamar ƙwan zabo, da haruffa ciki,
ga tauraro, ga lamba sha shida,
ga baƙaƙe biyu da tsatsa ta ci, ta bar mana saura.

Malam Arzika ya tsufa a aikin duwan na Ɗan Isa,
ya ga hatimin duniya iri-iri.
Ya sa tabarau, ya kai ta bakin ƙofa.
"Ƙwan nan na masu gwaji ne, can ƙasar Beljik.
Cewa suka yi ba za ta fashe a hannu ba,
ba su ce ga uban ɗiya ba.
Baƙaƙen nan biyu ƙila shi ne,
wani mai ƙaramar maƙera a lungu,
ya sayar da gumi, ɗan kasuwa ya sayi suna.
Nan sanina ya tsaya. Sha ruwa, rana ta take tsaka,
kada ka ce ban karɓe ka ba, ga fura."

Da na koma, Neino na shinshinar gindin bindigar.
"Wannan ba iccen Turai ba ne, ƙirya ce.
Na farko gadu ya karya shi a dajin Baban Rafi,
Labo masassaƙi ya yi wannan, dubi sawun gizago."
Ya juya kunama, ya kai ta kusa da ido,
sai ya yi shiru.
Zane uku, kamar ƙafar kaza a rairayin gulbi.
"Hannun babana ne," in ji shi.
"Sifirin motar gyaɗa ya yanka, ni na riƙe masa awartaki.
Ina da shekara tara."

Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.
Gawayi ya mutu, yaronsa bai ce komai ba,
ni ma ban ce ya yi sauri ba, na zauna ina jira.

Washegari na koma da takarda.
Na ce wa jandarma: akwai wani Bature marar suna,
akwai Labo, akwai uban Neino,
akwai Barmo da ya ɗaure ta da jijiyar barewa.
Ya dubi agogo, ya dubi gurbin, bai kai tsawon yatsa ba.
Ya ce, "Sa abin da ke jikinta."
Na sa Gabaro,
wanda ko allura bai taɓa ƙera.