Shiru Iri Biyu

Ƙarfe huɗu na yamma a Tampere, duhu ya riga ya sauka.
Kofina ya huce. Ƙarƙashin taga
kogi na dukan jan bulon tsohuwar masaƙa,
shi kaɗai ya ƙi daskarewa a garin nan.

Saƙo daga Kemi, daga Eemeli
mai lissafin motocin katako:
"Riikka, mota ɗari shida muka auna jiya.
Manhajarki ta tsaya a ɗari huɗu da sha ɗaya,
ta ce lafiya lau, an gama."

Ruwa ba ya tsami banza.
Na tono abin da na rubuta shekara bakwai baya,
lokacin gaggawa na kaina kamar zazzaɓi.
Ga shi, layi na tamanin da uku:
ɗebo, ɗebo, ɗebo,
in guga ya fito wayam, rufe rijiya.

Ashe shiru iri biyu ne.
Akwai na wanda ya ɗiga aya, ya naɗe tabarmarsa.
Akwai na wanda aka shaƙe a tsakiyar kalma,
ƙanƙara ta tsinka igiya,
ko faifai ya yi tuntuɓe,
bakinsa a buɗe, sauran zancen na maƙoshi.
Ni kuwa riga ɗaya na ɗinka musu.

Haka na yi wa mahaifiyata bara.
Waya ta ɗauke, na zaci sallama ce, na ajiye.
Ta jira kirana har barci ya sace ta a kujera.

Abin da na rubuta baƙo ne a manhajojin mutane,
gidaje dubu da ban taɓa takawa ba.
Baƙo ba ya rushe gida don tulu ya fashe,
ba ya kuma tura fasassun ƙarƙashin gado
ya fito yana murmushi.
Mai gida yake nema:
ga abin da ya iso, ga inda ya tsaya, ga dalili,
hukunci naka ne.

Na rubuta hakan.
In katsewar ta ɗan lokaci ce, a sake ƙwanƙwasawa,
sau uku, ba har abada ba.
In harafi ya zo rabi, kada a ƙarasa masa da zato.
Ko ta yaya aka fita, a ja ƙofa.

Sai gwaji. Na saki bayanai suna kwarara,
na sunkuya ƙarƙashin tebur
na fizge igiyar da hannuna.

Allo ya yi ja.
"An yanke a layi na ɗari huɗu da sha ɗaya. Ba ƙarshe ba ne."
Ban taɓa son jan rubutu haka ba.

Eemeli sai gobe zai gani.
Na ɗaura gyale, na kashe fitila.
A tasha, dusar ƙanƙara na sauka kan gilashin wayata,
na cire safar hannu da haƙori
na nemo lambarta.